Gado da Hawan Jini: Labarin Shaidar da Ta Ruɗi Masana

Wanda ya fita daga Washington, babban birnin Amurka, ya nufi arewa maso gabas, ba zai cika tafiyar mil goma ba sai ya iske wani gari da ake kira College Park, cikin jihar Maryland. Garin ba shi da girma, amma ya yi suna da abu biyu. Na fari wani ɗan filin jirgin sama ne da aka buɗe a shekarar 1909, inda Wilbur Wright ya koya wa hafsoshin soja tuƙin jirgi. Na biyu kuwa Jami'ar Maryland, wadda aka kafa a 1856 don koyar da aikin gona, ta yi ta bunƙasa har ta zama gari cikin gari.

A wannan jami'a akwai sashen da ke nazarin motsa jiki da amfaninsa ga lafiya. Wani shaihun malami na sashen, James Hagberg, ya yi shekaru masu yawa yana bin sawun wata tambaya wadda kowane mai fama da hawan jini zai so ya ji amsarta. Ga mutum biyu, sa'o'in juna, ƙibarsu ɗaya, dukansu jininsu ya hau. Likita ya umurce su da tafiyar sassarfa kullum, suka bi umurni wata da watanni. Da aka sake awo sai aka tarar na ɗaya jininsa ya sauka sosai, na biyu kuwa yana nan inda yake, sai ka ce bai taɓa ɗaga ƙafa ba. Mene ne ya raba su?

A shekarar 1999 Hagberg da abokan aikinsa suka buga wani rahoto mai nuna cewa watakila amsar tana cikin gado. Sun sa waɗansu maza masu ƙiba da hawan jini motsa jiki na watanni, sa'an nan suka duba wata ƙwayar gado tasu da ake kira ACE. Masu ɗauke da wani iri nata jininsu ya fi sauka bisa ga masu ɗaya irin. Mutanen da aka gwada kaɗan ne, malaman kuma ko a kan rahoton nasu da "mai yiwuwa" suka yi magana. Amma a waɗannan shekaru masana sun riga sun kamu da son wannan ƙwaya, ana jingina mata kowace cuta. Yadda aka ɗora mata kayan da ba ta iya ɗauka, da yadda aka komo aka sauke, labari ne da ya kamata a ji shi a ƙasar Hausa, tun da yake gwajin gado ya shiga gidaje, har ya shiga maganar aure.

Sai a fara da aikin abin a cikin jiki. Jiki yana da 'yan aike masu yawo cikin jini suna kai umurni daga wannan gaɓa zuwa waccan. Masana suna kiransu homon. Yana kuma da ma'aikata masu yanka da haɗawa, su mai da wannan sinadari wancan; su ne enzayim. Hanta kullum tana zuba wani dogon sinadari cikin jini, wanda za a iya kwatanta shi da dogon zaren murjani. Idan ƙoda ta ji jini ya yi ƙasa, ko gishiri ya ƙaranta, sai ta saki wani enzayim mai suna renin, ya yanko ƙwaya goma daga bakin zaren. Wannan guntu mai ƙwaya goma ba shi da ƙarfin kirki tukuna. Jini zai kwashe shi ya bi da shi ta huhu, inda enzayim ACE yake zaune da yawa a bangon ƙananan hanyoyin jini, shi kuwa sai ya cire masa ƙwaya biyu. Takwas ɗin da suka rage su ne homon da ake kira anjiyotensin na biyu. Shi ne ke matse hanyoyin jini, ya ta da ƙishirwa, ya kuma umurci wata 'yar gaɓa da ke bisa kan ƙoda ta saki wani homon, aldosteron, mai hana gishiri da ruwa zubewa cikin fitsari. Hanya ta ƙuntata, ruwa ya ƙaru, sai jini ya hau.

Wannan shiri rahama ne ga matafiyin da ruwa ya yanke masa a hamada, da macen da ta zub da jini wajen haihuwa, domin shi ke riƙe su kada su some. Sai idan ya ƙi hutawa ne yake zama cuta, ya gajiyar da zuciya, ya lalata ƙoda, ya kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki. An daɗe ana tono shi. Robert Tigerstedt da almajirinsa Per Bergman suka gano renin a Stockholm a 1898, cikin ƙodar zomo. Leonard Skeggs ya gano ACE a Cleveland a 1956, cikin jinin doki. A 1965 wani masani ɗan Brazil, Sérgio Ferreira, ya sami wani abu cikin dafin macijin ƙasarsu, ɗan'uwan kububuwa, wanda daga baya aka gane yana ɗaure hannun ACE. Daga wannan dafi aka ɗauki dabarar ƙera maganin captopril, wanda hukumar Amurka ta yarda da shi a 1981, kuma danginsa suna cikin magungunan hawan jini da aka fi sha a duniya. Saboda haka babu mai musun cewa ACE babba ne a wannan sha'ani. In an danne shi, jini yana sauka.

To, a shekarar 1990 sai wani labari ya fito daga Faris. Brigitte Rigat da Florent Soubrier da abokan aikinsu suka duba ƙwayar gadon da ke ɗauke da umurnin ƙera ACE, wadda ke zaune a dami na 17 cikin dammunan gado 23 da mutum ke karɓa daga kowane ɗaya cikin iyayensa. Suka tarar iri biyu ce. Wata tana da ƙarin harufa 287 a tsakiyarta, wata ba ta da su: doguwa da gajeruwa ke nan. Da yake kowa biyu yake gada, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, mutane sun kasu uku: mai doguwa biyu, da mai doguwa da gajeruwa, da mai gajeruwa biyu. A takardun likita II da ID da DD ake rubuta su. Da suka auna jinin mutum 80 masu lafiya, sai suka ga masu DD sun fi kowa yawan ACE, masu II sun fi kowa ƙarancinsa, har wannan bambanci ɗaya ya ɗauki kashi 47 cikin ɗari na saɓanin da ke tsakanin mutanen. Wannan magana gaskiya ce, an kuma maimaita gwajin sau da yawa cikin Turawa an sami haka.

Lissafin da ya biyo baya kowa zai iya yinsa. ACE yana ƙera homon mai hawar da jini. Mai DD ya fi yawan ACE. Ashe ke nan mai DD ya fi kusa da ciwon zuciya. A 1992 François Cambien da jama'arsa suka ce sun tabbatar. Sun gwada maza 610 waɗanda jijiyar zuciyarsu ta taɓa toshewa da 733 masu lafiya, a Faransa da Ireland ta Arewa, suka ga DD ya fi yawa cikin marasa lafiyan, musamman ma waɗanda ba su da ƙiba kuma ba su da yawan maiƙo cikin jini. Nan ne abin ya kama zukata, domin kowane likita ya san siririn mutum mai kamun kai wanda ya yanke jiki ya faɗi ba a san dalili ba. Ga dalili an samu, mai harafi biyu, mai sauƙin gwaji.

Daga nan rahotanni suka yi ta kwarara kamar ruwan Agusta. Wannan ya ce DD na jawo ciwon ƙoda, wancan ya ce shanyewar jiki, wani ya ce kumburin zuciya. A 1994 waɗansu masana a Faransa suka duba tsofaffin da suka kai shekara ɗari, sai ga gajeruwar nan mai kisa ta fi yawa a cikinsu bisa ga sauran jama'a, abin da ya isa ya sa a dakata a yi tunani, amma ba a dakata ba. A 1998 Hugh Montgomery na London ya ba da labarin Ingilishi 25 masu hawan manyan duwatsu, waɗanda suka wuce mita 7,000 ba tare da tulun iska ba, ya ce doguwar ta fi yawa a cikinsu. Jaridu suka raɗa mata suna ƙwayar juriya. Cikin wannan guguwa rahoton College Park na 1999 ya fito.

Sai dai tun a 1995 aka fara jin wata murya dabam. Klaus Lindpaintner na Boston ya bi bayan wata babbar ƙungiyar likitocin Amurka waɗanda aka ɗebi jininsu tun suna lafiya, ya gwada 1,250 da ciwon zuciya ya kama daga baya da 2,340 da bai kama ba. Bai ga wani fifiko na DD ba. A shekarar 2000 masanan Oxford, Bernard Keavney na kan gaba, suka kawo gwajin da ya fi duk na baya girma: marasa lafiya 4,629 da masu lafiya 5,934. Abin da ya rage na haɗarin nan bai wuce ƙarin kashi goma cikin ɗari ba, shi ma yana bakin iyakar abin da sa'a kaɗai ke iya kawowa. Suka kuma lura da wani abu mai ban kunya: cikin rahotannin baya, ƙananan su ne masu babbar murya, manyan kuwa kusan shiru suke.

Ba a ce wani ya yi ƙarya ba. Wanda ya jefa kwabo sau goma yana iya samun kai sau takwas, ya rantse kwabon nan yana da gefe. In ya jefa sau dubu goma sai ya ga rabi da rabi ne. Hakanan mai gwada mutum arba'in ko ɗari. Ga shi kuma mujallun masana, kamar 'yan kasuwa, sun fi son hajar da za ta ja ido. Wanda ya sami alaƙa sai a buga masa, wanda ya nema bai samu ba sau da yawa takardarsa a aljihun tebur take tsufa. Mai karatu yana ganin masu kai takwas kaɗai, ba ya ganin sauran da suka jefa.

Akwai kuma dalili na cikin jiki, wanda ya fi wannan daɗin ji. Manomin rani a Kadawa ya san ba faɗin lambatunsa ne ke yanke yawan ruwan da zai samu ba. Mai buɗe ƙofar ruwa daga sama shi ne mai hukunci. A wannan shiri na jini, ƙoda ce mai riƙe da ƙofa. Idan ACE ya yi yawa, homon ya fara ƙaruwa, sai ƙoda ta ji, ta rage renin, lissafi ya komo daidai. Oliver Smithies na Jami'ar North Carolina, wanda daga baya ya sami kyautar Nobel a 2007, ya gwada haka tare da John Krege. Suka shirya ɓeraye, waɗansu da ƙwayar ACE ɗaya, waɗansu biyu, waɗansu uku. Yawan enzayim ya bi yawan ƙwayoyin sau da ƙafa, amma hawan jininsu bai bambanta ba. A 1997 aka buga wannan. Watau magani mai danne ACE kusan gaba ɗaya abu ne dabam, ɗan fifikon da gado ke bayarwa kuma abu ne dabam, wanda jiki ke shanyewa.

A shekarar 2011 Hagberg ya komo kan tambayarsa ta fari, ya tara abin da aka rubuta a kanta. Ya tarar akwai rahotanni wajen ɗari masu cewa wata ƙwayar gado ko wata tana canja amfanin da mutum ke samu daga motsa jiki. Hukuncin da ya yanke shi ne ba a iya tsai da magana a kansu tukuna, saboda ba sa gaskata juna, kuma galibinsu mutane kaɗan aka gwada. Wannan ya cancanci yabo fiye da rahoton 1999. Ba kowane malami ne zai auna fagen da ya yi rayuwarsa a ciki ya faɗi a fili cewa mudun bai cika ba.

Har yanzu ba a zo inda labarin ya fi shafar mutanen Afirka ba. Harufan nan 287 ba sa cikin sashen da jiki ke karantawa ya ƙera enzayim. Suna zaune ne a wani fili na tsakani wanda ake tsallakewa, kuma irinsu sun fi miliyan warwatse cikin gadon ɗan Adam. Saboda haka masana da yawa suka ɗauka ba su ne masu aikin ba, shaida ce kawai da ke tafiya tare da mai aikin, don suna maƙwabtaka a dami ɗaya.

A ɗauki misalin makiyayi. Wani Bafillace yana da ƙaramin garke, dukansa daga shanu kaɗan ya yaɗu. Cikin na farkon akwai wata mai yawan nono, mai farin tabo a goshi, 'ya'yanta da jikokinta suka gaji abu biyun tare. A garkensa duk wanda ya zaɓi mai tabo ya zaɓi mai nono. Amma tabo ba ya ba da nono. In aka tafi kasuwar shanu ta Wudil ko ta Maigatari, inda garkuna daga ko'ina suka gauraya tun kaka da kakanni, za a iske mai tabo marar nono da mai nono marar tabo. Wanda ya sayi saniya a can bisa ga ƙa'idar garken farko, ya yi asara.

Afirka ita ce babbar kasuwar nan. A nan ɗan Adam ya fi daɗewa, waɗanda suka fita suka cika sauran duniya kuwa wani yanki ne kaɗan na mutanen nan, da ɗan abin da suka ɗauka na gado. Don haka shaida da mai aiki sun fi manne wa juna cikin Turawa, sun fi rabuwa cikin 'yan Afirka. An kuwa gani a kan ACE. A 1996 masana a Indiana suka auna yara farare da baƙaƙe, suka ga alaƙar doguwa da gajeruwa da yawan enzayim ta fito sarai cikin fararen, ba ta fito cikin baƙaƙen ba. A 2001 Xiaofeng Zhu da Richard Cooper na Jami'ar Loyola da abokan aikinsu na Ibadan suka duba mutum 1,343 daga iyalai 332 na Nijeriya, suka bi wurare 13 cikin ƙwayar, sai suka tarar wani wuri dabam ne ya fi bin yawan enzayim, ba shaidar Faris ba. Abin lura a nan, rabuwar da ta sa gwajin Turawa ya kasa aiki a Nijeriya ita ce kuma ta taimaki masana su matso kusa da ainihin wurin, domin sai inda tabo da nono suka rabu ake gane wanne ne wanne.

College Park tana da hannu a wannan fage ma. Sarah Tishkoff ta koyar a can daga 2000 zuwa 2007, daga can kuma ta yi ta zuwa Afirka tana tara samfurin gado. Babban rahotonta na 2009 ya ƙunshi al'ummu 121 na Afirka, har da Hausawa da Fulani na Nijeriya da Kamaru, ya kuma nuna babu nahiyar da ta kai wannan yawan bambancin gado. A 2019, bayan ta koma Jami'ar Pennsylvania, ita da abokan aikinta biyu suka ƙidaya mutanen da aka sa cikin manyan binciken gado da cuta na duniya: kashi 78 cikin ɗari asalin Turai ne, asalin Afirka kashi 2. Ke nan an fi auna ƙaramin garke, an bar babbar kasuwa. Duk gwajin da aka ƙera bisa wannan awo, bai kamata a sayar wa mutumin Kano ko na Maraɗi shi da sunan sanin gobensa ba, sai an gwada shi cikin mutanen Kano da Maraɗi tukuna.

Akwai wani kuskure ɗan'uwan wannan, mai auna mutum da launin fatarsa maimakon harafi biyu. Baƙaƙen Amurka sun fi fararenta hawan jini, wannan sananne ne. Waɗansu masana suka ce gado ne daga zamanin bauta: wai gishiri ya yi wuya a Afirka, kuma a jiragen bayi waɗanda jikinsu ke riƙe gishiri ne suka tsira daga zawo da ƙishirwa. Masanin tarihi Philip Curtin ya rushe wannan a 1992, ya nuna tarihin cinikin gishiri da lissafin mace-macen jiragen ba su goyi bayansa ba. Bahaushen da ya san ayarin Buzaye masu sauke gishirin Bilma ba ya bukatar dogon bayani a nan.

Richard Cooper da Charles Rotimi, haifaffen Nijeriya wanda daga baya ya yi aiki a Jami'ar Howard ta Washington da cibiyar binciken lafiya ta Bethesda, duka kusa da College Park, sai suka ɗauki ma'auni suka bi zuriyar Afirka ta Yamma inda duk take. Rahotonsu na 1997 ya ce masu hawan jini kashi 16 ne cikin ɗari a Nijeriya da Kamaru, 26 a tsibiran Karibiyan, 33 a Amurka. Tushe ɗaya, amma cutar tana hawa tare da ƙiba da cin gishiri. A 2005 Cooper ya ƙara da cewa Jamusawa, da kashi 55, sun wuce baƙaƙen Amurka masu kashi 44. Nijeriya kanta ba ta tsaya inda suka same ta ba: wani lissafi da aka buga a 2021 ya kai masu hawan jini cikin manyanta kusa da mutum ɗaya cikin uku. Hanyoyin awon ba ɗaya ba ne, amma babu mai shakkar inda abin ya dosa. Gadon al'umma ba ya canjawa cikin shekara ashirin da biyar. Abin da ya canja shi ne babur da mota a maimakon ƙafa, da zaman ofis da shago, da dunƙulen ɗanɗano a kowace tukunya.

Kada kuwa a ɗauka gado ba shi da hannu. Yana da shi, kuma wani lokaci hannun ƙarfe ne. A 1992, shekarar rahoton Cambien, Richard Lifton ya bayyana asirin waɗansu iyalai da hawan jini ke kama su tun suna yara, jijiya ta fashe musu a ka tun ba su tsufa ba. A dami na 8, ƙwayar enzayim mai ƙera aldosteron ta haɗe da kan wata maƙwabciyarta, har ta koma karɓar umurni daga inda bai kamata ba, tana zuba homon ba tsayawa. Nan kam ƙwaya ɗaya ce ke jawo cuta, ɗa yana da rabin yiwuwar gadonta daga mahaifi mai ita, gwaji yana gano ta, sanin ta kuma yana canja maganin da za a bayar. Wannan binciken bai rushe ba. Amma irin waɗannan iyalai kaɗan ne ƙwarai. Ga sauran jama'a gadon hawan jini tarin tsaba ne: wani bincike na 2018 da ya haɗa mutum fiye da miliyan ɗaya, asalin Turai, ya ƙara wurare 535 a kan waɗanda aka sani, kowannensu ɗan mitsitsin tasiri gare shi.

Wannan bambanci shi ne ya kamata ya zauna a zukata, domin ƙasar Hausa ta koyi maganar gado ne ta hanyar amosanin jini. AA da AS da SS sun zama sanannun harufa, a 2024 kuma Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, har da wannan. A kan sikila harufan suna da nauyin da ake ba su: AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, ko a Kano ko a London. Haɗarin shi ne mutum ya ga II da ID da DD a wata takarda ya karanta su da wannan ido. Kamannin rubutu ne kawai. Wanda aka ce masa DD ne zai kwana da fargabar abin da ba a tabbatar ba, watakila ma a hana shi mata a kansa. Wanda aka ce masa II ne ya fi shi shiga haɗari, don zai ɗauka an ba shi laya, ya daina awo, alhali hawan jini ba ya sallama kafin ya shiga gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kusan rabin masu cutar a duniya ba su san suna da ita ba.

Abin da ke gaya wa mutum matsayinsa ba ya bukatar ɗakin gwajin gado. Ɗamarar nan ce da ake naɗawa a dantse, minti biyar, in an ga 140 bisa 90 ko fiye a ranaku dabam-dabam to magana ta tabbata. Tarihin gida shi ma gwajin gado ne na kyauta: wanda uwarsa ko ubansa ko wansa ya yi hawan jini, sai ya riƙa awo tun da ƙuruciya. Gishirin da Hukumar Lafiya ta yarda wa babba a yini bai kai giram 5 ba, watau ƙasa da ƙaramin cokalin shayi, har da wanda ke ɓoye cikin dunƙule da burodi da kilishi. Mutum biyun nan na tambayar College Park kuwa, har yau babu gwajin da zai faɗa tun da wuri wanne ne jininsa zai sauka, saboda haka dukansu aka umurta da tafiya.

Saura maganar magani, inda aka ga amfanin yin bincike a gida. An daɗe da lura cewa magungunan da ke danne ACE, in an ba da su su kaɗai, ba su cika saukar da jinin baƙar fata kamar na Bature ba, kuma sun fi jawo masa kumburin leɓe da harshe. Suna sa waɗansu busasshen tari, mace mai ciki kuwa an hana ta su sam, don suna lalata ƙodar ɗan tayi. Amma wane haɗi ne ya fi dacewa da mutumin Afirka da ke zaune a Afirka? Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranci gwajin da ya amsa wannan, tare da likitoci daga Nijeriya da Kamaru da Kenya da Uganda da Mozambik da Afirka ta Kudu, cikinsu har da Mahmoud Sani na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Aka ɗauki mutum 728, aka raba su uku ta hanyar ƙuri'a, kowane kashi da haɗin magani biyu, aka bi su wata shida, ana ɗaura musu ma'aunin da ke aiki dare da rana. Ba a tambayi ko ɗaya cikinsu doguwa gare shi ko gajeruwa ba kafin a ba shi nasa. Sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna haɗi biyun da ke da amlodipine, mai saki hanyoyin jini, sun fi saukar da jini bisa ga haɗin perindopril, mai danne ACE, da maganin sa fitsari, da tazarar wajen maki uku a awon sama.